Amsa: Faɗuwar gaba da ruɗewa a kan sitiyari

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Abin da ka ce yana taso maka kana tuƙi, zuciya na dukan uku-uku, gumi, numfashi ya sarƙe, yawanci cikin minti 10 yake kai ƙarshen ƙarfinsa, sai ya lafa. Da ka ji alamarsa, kunna sigina ka gangara gefen titi. Shaƙi iska ta hanci, ka fitar a hankali. Hakin da ake yi lokacin ruɗewar ne ke kawo jiri. Rage goro da kofi.

Kar ka jingine motar, tsoron ƙaruwa zai yi. Fara da gajeren zango, wani na gefenka. Ka ga likita ya duba zuciyarka; in ka ji ciwon ƙirji yana sauka zuwa hannu, asibiti kai tsaye.