Aikin sa-kai ya hana ni barci, amma ina jin nauyin in ce na gaji

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari.

Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ni Kaduna. Shekarata 9 a Rigasa, yarana uku. Shekara huɗu ke nan ina aikin sa-kai na lafiya a unguwarmu. Da farko abin ba yawa: in shiga gida-gida in tuna wa mata ranar awo da ranar riga-kafi, in je gidan suna in duba ko an yi wa jariri allurar farko. Yanzu kuwa babu abin da ba a ɗora mini ba. In zagayen shan inna ya zo, ni ce. In damina ta sauka, ni ce mai rabon maganin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Ga awon damtse na tamowa, ga fom kala uku da ake so in cike, kowanne da ranarsa. Da mu biyu ne a layukanmu, abokiyar aikina ta bi mijinta Zariya, har yau ba a kawo wata ba.

Dare ma ba hutu. Mata sun mai da ni likita, ƙarfe biyu sai a buga ƙofa, yaro na amai ko naƙuda ta tashi. Sau da yawa ni ke biyan kuɗin keke, alawus kuma sai ya ga dama yake zuwa. Maigida mai haƙuri ne, amma ya fara cewa gidansa ya koma asibiti. Babbar 'yata, shekararta 8, ita ke goyon ƙaninta. Kaina ba ya rabuwa da ciwo.

Abin da ya sa na rubuto miki, watan jiya na ɓallo maganin manyan yara zan jiƙa wa jaririya 'yar wata bakwai. Allah ya sa na farga. Tun ranar nake tsoron hannuna.

Anti, ba ni da uwa ko 'yar'uwa a garin nan. Wannan aikin ne ya sa aka daina ce mini baƙuwa. In na ce na gaji za a ce 'yar Nijar ta gaza, in kuma wani yaro ya mutu ina kwance, me zan ce wa Allah? Ki ba ni shawara.

'Yar Damagaram, Rigasa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a.

Zan fara da jaririyar nan, don ita ce ta hana ki sukuni. Maganin damina kashi biyu yake zuwa, na 'yan wata 3 zuwa 11 daban, na 'yan wata 12 zuwa 59 daban, kuma kin fi ni sanin haka. Rashin barci ne ya kusa ruɗa ki. Idon da bai runtsa ba yana iya ganin fakiti biyu kamar ɗaya. To ki kai wannan labarin gaban mai duba aikinku kamar yadda kika kawo mini shi, kada ki rage komai. Ki tafi da takarda: gidaje nawa ne a hannunki, yara nawa, kwana nawa kike fita a wata, tun yaushe abokiyar aikinki ta tafi. Wanda ya ji "na gaji" zai ce miki sannu ya wuce, amma wanda aka nuna wa lissafi dole ya tsaya. Rabon maganin nan ana maimaita shi duk bayan kwana 28, kuma a tsarinsa mutum biyu ake haɗawa, ɗaya na ba da magani ɗaya na rubutu. Ki nemi a cike gurbin kafin zagaye na gaba. Ki shigar da mai unguwa da kwamitin ci gaban mazaɓa cikin maganar, su suka san matar da za ta iya kuma ake yarda da ita a gidaje.

Sai bugun ƙofar dare, kuma a nan zan faɗa miki abin da ba zai yi daɗin ji ba. Tsayawar da ake yi a ƙofarki tana iya zama ita ce jinkirin da zai cutar. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa in yana numfashi, babu abin da za ki yi masa a tsakar gidanki. Haka mai ciki da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da duhun gani. Jinin bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Waɗannan asibiti za su nufa kai-tsaye, kuma da rana za ki koya musu haka, a gidan suna da islamiyya, har ya zauna musu. Ki roƙi mai unguwa ya samo masu keke biyu ko uku da suka yarda a tashe su da dare, a raba lambarsu a kowane gida. Iyaye mata su ajiye ruwan gishiri da sukari na fakiti da ƙwayar zink, su san zink ɗin kwana 10 zuwa 14 ake ba da shi ko da gudawar ta tsaya. Bayan haka ki sanar cewa daga isha'i ƙofarki a rufe take. Makon farko za a yi gunaguni, na sani.

Kuɗin keke kuwa ki daina. Abincin 'ya'yanki ne. Matan layin su yi ɗan asusu irin na adashi, kowa ta jefa abin da ta iya, a ajiye a hannun wata dattijuwa, ba hannunki ba.

Tsoron da kike ji game da Allah na girmama shi. Amma ki tuna lokacin da Salmanul Farisi ya tarar da Abu Darda'i ya bar barci da iyali saboda ibada, ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Yarinyarki 'yar shekara 8 tana cikin yaran unguwar da aka ba ki amana, ita ce ma ta farko. Ki zauna da maigida, ki gode masa, ki faɗa masa ranakun da za ki riƙa fita da waɗanda kika ware wa gida, ki cika.

Batun baƙunta kuma, macen da ake buga wa ƙofa ƙarfe biyu na dare ta daɗe da zama 'yar gari. A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, kuma ƙafafun irinku ne suka taka lungu-lungu har aka kai nan. Babu mai hankalin da zai ce kin gaza don kin nemi mataimakiya.

Wannan ciwon kan kada ki bar shi. Gobe in kin kai fom, ki miƙa hannu a auna miki hawan jini, a duba ko jininki ya yi ƙasa. In damina ta wuce, ki nemi izinin maigida ki je Damagaram ki yi mako biyu wajen mahaifiyarki. Ki sake rubuto mini bayan zagaye na gaba, ina son jin ko an kawo miki abokiyar aiki.