Filin Tambayoyin Kwamfuta: Lua a Cikin Apache

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da shafin duba sakamakon jarrabawa na wata makaranta a nan Tudun Wada. Sabarmu Ubuntu ce da Apache 2.4, manhajar da ke miƙa shafin ga masu ziyara, shafin kuma da harshen Lua na rubuta shi ta mod_lua, sashen da ke gudanar da Lua a cikin Apache. Wani lokaci lamba 500 yake nunawa. Abin da ya fi ɗaga min hankali, ɗalibi ya shiga ya tarar da sunan wani ɗalibin a shafinsa. Ina mafita? Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lamba 500 ba ta faɗar ciwon, sabar ce kawai take cewa ta gaza. Bayanin yana cikin /var/log/apache2/error.log. Ka buɗe shi da tail -f, ka sake loda shafin, za ka ga sunan fayil da lambar layin da ya karye. Yawanci ɗayan biyu ne: ko babu handle(r), aikin da Apache ke kira in buƙata ta zo, a fayil ɗin, ko ka ɗauki wani abu daga r:parseargs() da ɗalibin bai cike ba, ya zo a nil, wato babu komai, ka yi ƙoƙarin haɗa shi da rubutu. In ba ka ga isasshen bayani ba, sa LogLevel warn lua:debug, ka dasa r:debug() a inda kake zargi. Kafin ɗora kowane gyara, luac -p zai kama maka kuskuren rubutu.

Batun suna kuwa, a yau za ka gyara shi, domin amanar 'ya'yan mutane ce. Duba LuaScope, saitin Apache da ke ƙayyade tsawon rayuwar mazaunin Lua, wato wurin da Lua ke gudana yana riƙe bayanansa. Asalinsa once ne, wato kowace buƙata da sabon mazaunin Lua. Masu neman sauri sukan mayar da shi thread, sai mazauni ɗaya ya yi ta karɓar mutane bi da bi. A Lua kuma, duk abin da ka ajiye ba tare da local ba ya zama na kowa. To ɗalibi na farko ya shiga, an ajiye sunansa. Na biyu ya zo, binciken lambarsa bai samo komai ba, tsohon sunan yana nan zaune, shi za a nuna masa. Shi ya sa matsalar ba kullum take fitowa ba. Koma once yanzu, ka bi layi-layi kana sa local, kuma ka aika Cache-Control: no-store, saboda a shagon intanet kwamfuta ɗaya ɗalibai da yawa suke layi a kanta.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na saka laburaren haɗawa da rumbun bayanai ta luarocks, manhajar saka laburaren Lua. Da farko require ya ce bai gan shi ba, da na nuna masa hanya kuma sai Apache ya riƙa mutuwa. Daga wata ɗaliba, Samaru.

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Hanyar fayilolin Lua LuaPackagePath ce, ta waɗanda aka haɗa da C, masu ƙarewa da .so, LuaPackageCPath. Mutuwar kuwa na fi zargin saɓanin siga. Laburaren da aka gina wa Lua 5.1 ba ya zama lafiya a cikin mod_lua da aka gina da 5.3. Ki sa r:puts(_VERSION) ki ga wacce Apache yake amfani da ita, ki sake gina laburaren a kanta.

In ya ci gaba, ki tsayar da sabar, ki loda /etc/apache2/envvars, ki kunna apache2 -X a ƙarƙashin gdb, manhajar bin diddigin kurakurai. Wannan -X ɗin yana sa shi aiki da ma'aikaci guda, in ya faɗi ki rubuta bt ki ga inda ya tsaya. A kwamfutar gwaji za ki yi wannan, ba a sabar da jama'a ke kai ba.

Shawarata ma, ki gwada r:dbacquire("mod_dbd") tukuna. Yana zuwa ne a cikin mod_lua, mod_dbd, sashen Apache na rumbun bayanai, shi ke riƙe haɗin, ba ki da laburaren waje da za ki gina.