Faifai biyu a akwati ɗaya, rumbu ɗaya ne

Yarona, na ga takardar lissafin da ka bari a kan tebur jiya da yamma, na kuma karanta tambayar da ka rubuta a ƙasanta. Ka ce Alhaji yana son wuri guda da hotuna da bidiyon wayoyin gidansa za su riƙa taruwa, sai ka zaɓar masa akwatin NAS, wato na'urar ajiyar fayil da ake haɗawa da rautar gida, na kamfanin Synology mai ramin faifai biyu, da faifai biyu masu tera huɗu-huɗu. Kana tambaya ko ka haɗe su su ba shi tera 8, tunda kuɗin takwas ya biya, ko ka sa ɗaya ya riƙa kwafar ɗaya. In kuma na biyun ka yi, shin iyalinsa za su iya goge komai daga wayoyinsu hankali kwance? Zaɓin akwatin ya yi. Sauran kuma jawo kujera.

Kada ka haɗe su. Wannan tsarin, RAID 0, yanka kowane fayil yake yi, wani yanki a wannan faifan, wani a wancan. Ranar da ɗaya ya mutu, abin da ke kan mai ran ma ya zama shara, don rabin hoto ba ya buɗuwa. Ka yi madubi, wato RAID 1, ko SHR ɗin Synology, wanda a faifai biyu duk abu ɗaya ne. Amma ka faɗa wa Alhaji tun kafin ya ƙirga kuɗi cewa abin da zai gani a allo kusan tera 3.6 ne. Huɗu sun tafi wajen madubi, ɗan abin da ya ragu a kan huɗun kuma bambancin lissafi ne: masu ƙera faifai da 1000 suke ƙirgawa, kwamfuta kuma da 1024. In ka bari ya gano da kansa, zai ɗauka ka cuce shi, kuma ba zai faɗa maka ba, wani zai faɗa wa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Madubi abu ɗaya tak yake kare ka daga gare shi: mutuwar faifai guda. Shi ke nan. Lokacin da nake sabon buɗe shago na haɗa wa wani mai ɗaukar hoton biki irin wannan akwatin, madubi tsaf, na bugi ƙirji na ce ya je ya yi barcinsa. Bayan wasu watanni yaronsa yana share tsofaffin ayyuka ya haɗa da foldar wani biki da ba a miƙa wa masu shi ba. Faifai na biyu ya yi aikin da na sa shi, ya goge nasa kwafin a daidai wannan daƙiƙar. Ko kwandon shara ban kunna masa ba. Kwana uku na yi ina tono da manhajar dawo da fayil, na samo wasu, na rasa na kamu da na ɗaurin aure. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sanda zai je ya yi wa dangin amarya bayani, sai jikina ya yi sanyi.

Ka ɗauki akwatin nan kamar rumbun da aka raba cikinsa gida biyu. Gara ta ci gefe ɗaya, kana da ɗayan. Gobara ta tashi kuwa, ba ruwanta da rabon da ka yi. Haka ɓarawo, da akwatin zai fita gaba ɗaya. Haka aradu in ta biyo waya da damina. Don haka amsar tambayarka ta biyu ita ce a'a, ba za su goge komai daga waya ba sai akwai wani kwafin a wajen gidan. Masu wannan aiki suna kiran ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A aikace ga yadda za ka yi. Ƙara faifan USB mai tera 4 a lissafin, in Alhaji ya yarda ma biyu. Ka saita Hyper Backup, manhajar kwafi ta Synology, ta riƙa zuba komai a kai, a kulle da kalmar sirri tunda zai bar gida. Duk Juma'a a cire wanda ke jiki a kai shi shagonsa na kasuwa, a dawo da na can a maƙala. Faifan da ke maƙale dare da rana, abin da ya sami akwati zai iya samunsa.

Sannan wajen tsara faifan ka zaɓi tsarin ajiyar fayil mai suna Btrfs, ka duba tun a kasuwa cewa samfurin da za ka saya yana ɗaukarsa. Da shi ne za ka iya sa akwatin ya riƙa ɗaukar hoton yadda kowace folda take kullum da dare, ya ajiye na wata guda ko fiye. Wani ya goge abu ranar Talata, sai ka koma na Litinin ka ɗauko. Da ina da wannan a wancan lokacin, da aikin minti biyu ne. Kwandon shara kuma a kowace folda ka kunna shi.

Wuta ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki a wajenmu. Faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, akwatin kuma yana riƙe wasu rubuce-rubuce a ƙwaƙwalwarsa kafin ya sauke su a faifai. A ɗauke wuta a tsakiyar haka sau ɗaya, wataƙila ka tsira. A gidan da ake ɗaukewa sau biyar a rana, ana tayar da janareta ana kashewa, wata rana za ka tarar da fitila mai ruwan lemo tana ƙiftawa. Na san za ka ce Alhaji yana da sola da inbata. Inbata in batirinsa ya yi ƙasa da asuba yanke wuta yake yi ba sallama. Abin da kake buƙata ƙaramin UPS ne mai ramin USB na bayanai, wanda zai gaya wa akwatin cewa an koma kan batir, shi kuma ya tattara aikinsa ya rufe faifansa lafiya. Da yawa daga cikin masu arahar nan ba su da wannan ramin, ko suna da na cajin waya kawai, don haka juya bayansa ka gani da idonka. Ka saita minti biyar, ka kunna zaɓin da zai sa akwatin ya tashi da kansa in wuta ta dawo. Kafin ka bar gidan ka zare filogin UPS daga bango, ka tsaya kana kallo har ya yi abin da ka ce ya yi. Cin wutar akwatin ba abin damuwa ba ne, wat 15 zuwa 20 ne yana aiki, bai kai fankar sama ba.

Wurin ajiye shi ma ka yi tunani. Kada ka yarda a tura shi cikin durowar talabijin a rufe don kyan falo. A watan Afrilu zafin Kano yana haura 40, cikin rufaffiyar durowa kuma sai abin da ya ƙaru. Nemi wuri mai iska, sama da ƙasa, inda yara ba sa kai hannu, inda ba a jijjiga shi. Ni in na ga faifai yana zama sama da digiri 45 kullum, sai na canza masa wuri. Bayan hunturu ka koma ka kashe shi ka hure ƙurar da fankarsa ta tara.

Faifan da ka rubuta a takarda ban ga lambarsa ba, "WD 4TB" kawai ka sa, kuma a nan ake faɗawa rami. A 2020 aka gano cewa Western Digital ta sa wata fasahar rubutu mai suna SMR a faifanta na WD Red masu tera 2 zuwa 6 ba tare da ta bayyana ba. Irin wannan faifan layukan rubutunsa hawa juna suke yi kamar jerin kwanon rufi, in za a gyara ɗaya sai an sake rubuta maƙwabtansa. Ga ajiyar yau da kullum yana tafiya, amma ranar da ka sa sabon faifai madubi yana sake gina kansa, sai ya riƙa jan ƙafa, wani lokaci har akwatin ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. Bayan hayaniyar ne kamfanin ya ware masu tsohon tsarin CMR ya kira su WD Red Plus. Ka ga lamba WD40EFAX, mai SMR ne, ajiye musu kayansu. Ɗauki Red Plus ko IronWolf na Seagate. Na hannu kuma, waɗanda aka ciro daga na'urar kyamarar tsaro aka goge aka sa a leda, araha ba ta ado. Ko sabo ne, da ka sa shi ka buɗe bayanan lafiyar faifai, wato S.M.A.R.T., ka duba awannin da ya yi yana aiki, da lamba ta 5 da ta 197, masu ƙirga gurɓatattun wurare. Sifili nake so in gani. Ka sa shi gwaji mai tsawo ya kwana yana yi kafin hoto ko ɗaya ya hau.

Haɗawa da rauta ba wuya, da kebul za ka yi, irin Cat6. Sai dai duba ramin rautar. Da yawa daga cikin ƙananan rautocin da ake sa wa layin waya raminsu mai gudun megabit 100 ne, wato kusan megabait 11 a daƙiƙa, alhali na gigabit yana ba da kusan 110. Tera ɗaya a na farko ya fi kwana guda cur, a na biyu awa biyu da rabi. In ka tarar da mai 100, sayi ƙaramin suwic na gigabit mai rami biyar, ka haɗa akwati da kwamfuta da talabijin a kansa. Ka ɗaure wa akwatin adireshi ɗaya a cikin rautar don kada ya canza bayan an ɗauke wuta, ka kashe SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil da muguwar manhajar WannaCry ta bi a 2017. Abin da zai fi faranta wa Alhaji rai kuma ka faɗa masa: duk abin da ke yawo tsakanin waya da akwati a cikin gida ba ya cin data.

Na ji ya ce yana so in ya je Umra ya riƙa buɗe hotunan jikokinsa daga can. Na san abin da za ka gani a bidiyon koyarwa, buɗe ƙofa ta 5000 ko 5001 a rauta. Kada ka kuskura. A Afrilun 2021 wata muguwar manhaja, Qlocker, ta bi irin waɗannan akwatunan na kamfanin QNAP da ke buɗe ga intanet tana kulle fayilolin mutane. A Janairun 2022 DeadBolt ta zo, tana neman bitkoyin 0.03 a kan kowane akwati. A Yunin 2021 kuma masu akwatin ajiya My Book Live na Western Digital suka wayi gari an share musu komai daga nesa, na'urar da rabonta da sabuntawa tun 2015. Akwatunan Synology ma sun sha tasu a 2014 da SynoLocker. Da yawan waɗannan mutanen suna da madubi, aka kulle faifan biyu tare. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shiga rauta ka kashe UPnP, don shi ke buɗe ƙofa ba da saninka ba. Ko ka so buɗewar ma da wuya ta yi aiki a layin waya, saboda adireshi ɗaya mutane da yawa suke rabawa. Sa manhajar Tailscale a akwatin da wayar Alhaji, tana ratsa wannan matsalar ba tare da an buɗe komai ba. In ya yi masa wuyar sha'ani, QuickConnect na Synology yana yi, da sharaɗin kalmar sirri mai ƙarfi da lambar tabbatarwa ta biyu. Akawun ɗin "admin" da akwatin ya zo da shi a kashe, sabuntawar tsaro a bar ta tana sauka da kanta.

Saura abin da ba a rubuta a littafin na'ura ba. Gidan Alhaji mata biyu ne, ga 'yan mata, ga samari, ga masu aiki da suka san kalmar sirrin Wi-Fi. A wayar mace akwai hotunan da ta ɗauka a ɗakinta ba mayafi, da na asibiti, da takardun da ba ta son kowa ya gani. In ka zuba duka a folda ɗaya don sauƙin aikinka, fitinar da za ka haɗa ta fi mutuwar faifai. Kowa da akawun ɗinsa da foldarsa da ba mai gani sai shi, sannan folda ɗaya ta gida don hotunan salla da suna da karatun malamai. Ka kuma gaya wa Alhaji a gaban iyalinsa cewa mai riƙe da babban akawun yana iya kaiwa ga komai, kowa ya san haka kafin ya kunna turawa a wayarsa. Kai kuma idonka a kan sandar da ke nuna ci gaban kwafi, ba a kan hotunan ba. Kalmar sirrin babban akawun Alhaji ne zai buga da hannunsa kana kallon bango, ya rubuta ta tare da ta faifan USB a takarda ya ajiye inda yake ajiye takardun fili. In gyara ya taso ya buɗe maka, ka gama ya canza.

Wayoyin matan za ka ba su ne su sa Synology Photos da kansu kana faɗa musu inda za su taɓa. Kada ka manta da cire manhajar daga tsarin tanadin caji, in ba haka ba wayar za ta riƙa kashe ta a ɓoye, a yi wata biyu ana zaton hotuna suna hawa alhali ko ɗaya bai tafi ba.

Ranar miƙa aiki, ka ɗauki hoto ɗaya maras amfani ka goge shi a gaban Alhaji, ka dawo da shi daga kwandon shara. Ka sake gogewa har daga kwandon, ka dawo da shi daga faifan USB. Sai ya ga wannan da idonsa za ka karɓi cikon kuɗinka. Gyara lissafin ka ƙara UPS da faifan USB da suwic, ka rubuta cikakkiyar lambar faifan, ka kawo min in gani kafin azahar.