Allurar horar da jiki kan borin jini da harbin kudan zuma

Tambaya: Likita, ina kiwon zuma. Bara kudan zuma ya harbe ni, jikina ya feso da borin jini, numfashi ya gagare ni har aka kai ni asibiti. Shin akwai rigakafi?

Amsa: Malam, abin da ya same ka shi ne mafi tsananin borin jini, kuma yana iya kisa cikin mintuna. Akwai allurar da ake yi da dafin kudan zuman da aka tace, ana farawa da ɗan mitsitsi, ana ƙarawa kowane mako har garkuwar jiki ta saba da shi ta daina tayar da hankali. Bayan an kai cikakken ma'auni, sai a koma yi sau ɗaya a mako huɗu zuwa shida, na tsawon shekara 3 zuwa 5. Tana kare kusan mutum 8 cikin 10 daga mummunan martanin dafin zuma, ta dafin rina kuwa ta fi haka tasiri. Sai an gwada fata ko jini an tabbatar da dafin da ke damunka kafin a fara. A ganina, kada ka sake kusantar amya sai da allurar adirenalin a tare da kai, wadda ake sokawa a gefen cinya da zarar maƙogwaro ya fara shaƙewa, sannan a garzaya asibiti ko da ka ji sauƙi.

Tambaya: Ɗana hannunsa ya kumbura sosai bayan harbi. Shi ma yana buƙata?

Amsa: Hajiya, kumburin da ya tsaya a wurin harbi, ko da ya yi kwanaki, ba ya buƙatar wannan allura. A cire ƙarin da sauri, a ɗora ƙanƙara, a ba shi maganin ƙaiƙayi.

Tambaya: Atishawa da yoyon hanci ba sa barina, kuma ina da asma. Allurar za ta yi mini amfani?

Amsa: Tana iya yi, sai dai a nan da abin da ke tayar da atishawar ake yin ta, ba da dafin zuma ba. Tun 1911 da wani likita, Leonard Noon, ya fara gwada ta a Landan, kan masu atishawar garin furen ciyawa aka yi. Tana aiki idan gwaji ya nuna takamaiman abin da jiki ba ya so, kamar ƙananan ƙwarin ƙurar katifa ko gashin kyanwa. Ƙurar hunturu da ke fusata hanci kawai ba ta cikin wannan. Sai dai ba a yi wa mai asma sai ciwon ya lafa, ba a kuma fara wa mai juna biyu. Dole a yi ta a asibiti, a zauna minti 30 bayan kowace allura, saboda ita kanta tana iya tayar da borin. Ka sanar da likitanka idan kana shan maganin hawan jini ko na zuciya.