Tambayoyinku: Wa zai biya hayar ɗakin atisaye?

Tambaya: Malam, muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a Tawa. Tallafin da muke samu na wasa guda ne, haya da wuta kuwa daga aljihunmu. Yaya za mu yi?

Amsa: Ƙanwata, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mai ba da kuɗi, gwamnati ko waninta, ya fi son abin da za a tafa wa, alhali haya ce ke kashe ƙungiya. Ku fara da rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta Nijar ta 1984, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ku adana kowane rasit. Duk takardar neman tallafi, ku sa kason haya da wuta a ciki ƙarara. Ku kuma nemi ma'aikatar magajin gari ta ara muku ɗaki.