Amsa: Wa ke sa hannu kafin Saudiyya ta sayi makamai?

Malam, ka tambaya ko sojojin Saudiyya da kansu suke zaɓar makami su biya. A'a. Ma'aikatar Tsaro ce ke faɗin abin da take buƙata, amma tun 2017 akwai hukumar GAMI a Riyad, wadda ke ba masana'antun soja lasisi, kuma tana da baki a manyan kwangiloli. Tambayarta ga kamfanin waje ita ce: nawa ne daga cikin aikin za a yi a nan? Burin da Saudiyya ta sa wa kanta zuwa shekarar 2030 shi ne rabin kuɗin kayan soja ya tsaya a gida.

Kada ka haɗa ta da SAMI. Wannan kamfani ne na PIF, asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, shi ƙera kaya yake yi. Dubi jiragen ruwan yaƙi biyar da aka yi kwangilarsu da Navantia ta Sifaniya a 2018: a can aka ƙera su, amma da hannun SAMI aka haɗa tsarin sarrafa makamansu.

In kuwa daga Amurka za a sayo, kuma cinikin babba ne, sai an sanar da majalisar dokokinsu, kuma tana iya kawo cikas.

Abin da ke cin raina, wallahi, DICON tamu ta Kaduna, masana'antar ƙera kayan soja ta Najeriya, tun 1964 take.