Amsa: Me ya sa tsohuwar dalar azurfa ta fi nauyinta tsada?

Malam, ka ce a kasuwar Balad ta Jidda an yi maka kuɗin dalar Mariya Tereza, wato kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya, sama da abin da azurfarta za ta kawo a ma'auni, kana tambaya ko cuta ce. Ba lallai ba ne.

Dalar nan giram 28 ce da ɗan ɗoriya, amma tsantsar azurfar cikinta giram 23 da 'yan kai ne, sauran tagulla. Abin da ya hau kai ladan bugu ne, da kuɗin dako, da ribar mai shago. Ko sabuwar sandar azurfa haka take, kuma ƙarama ta fi babba tsada a kowane giram.

Sai kuma masu so. Mata na rataya ta a sarƙa, masu tara tsofaffin kuɗi kuwa suna farautar riyal ɗin azurfa na Sarki Abdul'aziz na Saudiyya, bugun 1354 Hijira, musamman wanda rubutunsa bai goge ba.

Kada shekarar 1780 da ke rubuce a jikin dalar ta ruɗe ka, har yau Ostiriya na buga ta da wannan shekarar. Ka sa a auna a gabanka, ka kara mata maganaɗisu, azurfa ba ta kamawa. Ranar sayarwa kuma, maƙeri nauyi kawai zai biya ka.